Layin Jan Farce

Shekara tara Baban Kifi yana kula da tankin da ke ɗakin jira na asibitin ido, kuma a duk shekarun nan babu kifin da ya mutu bai san dalili ba. Ma'aikatan asibitin ne suka sa masa sunan, sunan ya bi shi har gida, har matarsa ma da shi take kiransa idan tana jin tsokana. Tankin na ruwan gishiri ne, tsawonsa ya kai gadon mutum ɗaya, yana jingine da bangon da ke fuskantar kujerun masu jira. Kifaye goma sha ɗaya ne a ciki. Akwai wata rawaya mai faɗin tafin hannu da ake ce wa Tsohuwa, domin ita da Baban Kifi tare suka fara aiki a wurin.

Duk Litinin da Alhamis yake zuwa, da sassafe kafin a buɗe ƙofa. Mutane suna zaton aikin a sama yake, wajen goge gilashi da watsa abinci. Aikin gaske a ƙasa yake, cikin kabad ɗin da tankin ke zaune a kai, inda sai ka durƙusa ka cusa kai. Can injin kumfa yake. 'Yan shago suna ce masa sikima, shi kuwa bai taɓa yarda da sunan ba. Wata doguwar kwalbar roba ce da famfo ke cusa wa ruwa da iska, kumfa ta tashi ta kwaso dattin da ya narke a ruwa, ta hau wuyan kwalbar ta zube a wani kofi da ke sama. A gefe akwai makunni kamar kan famfo. In ka matse shi da yawa, kofin ya cika da ruwa tsararo ya yi ambaliya. In ka sassauta da yawa, kumfar ta kasa kaiwa wuya, dattin ya koma wa kifaye. Tsakanin biyun akwai wuri ɗaya da bai fi faɗin farce ba, kuma nemo wurin nan shi ne sana'ar Baban Kifi.

Sai dai yana da abin da yake ɓoyewa. Shekara biyu ke nan idonsa na dama yana gani dishi-dishi, na hagu ma ya fara bin sahu. Abin dariya ne a ce mutumin da ke gaisawa da likitar ido sau biyu a mako shi ne ke ɓoye ciwon ido, amma shi bai ga abin dariya ba. A lissafinsa, ranar da Likita ta san ba ya iya ganin iyakar ruwa a wuyan kwalba, ranar za ta karɓi makullinta. Don haka ya koma aiki da kunne da hanci da yatsa. Yana jin sautin kumfa ya san ko ta yi kauri, yana sansana kofi ya san ko dattin ya fita daidai, kuma babu wanda ya lura.

Da famfon tsohon injin ya ƙone, Likita ta ce ya je ya zaɓo sabo. Shagon Dogo ya nufa, don ba shi da wani wurin zuwa. Shi da Dogo sun haura shekara ashirin tare, tun suna wankin tankuna a shagon wani. Shi ya koya wa Dogo haɗa ruwan gishiri, shi ya tsaya masa lokacin da ya buɗe nasa shagon, har yau kuma Dogo yana kiransa Yaya.

Dogo ya kai shi ɗakin baya, tsakanin buhunan gishiri, ya sauko da wani ƙaton kwali.

"Wannan za ka ɗauka, Yaya. Zai iya tanki uku irin naka."

"To ina ruwana da tanki uku? Ɗaya gare ni."

"Babba ai ya fi."

"Kai ma ka san ba haka ba ne. Ba ruwa ake aunawa ba, bakunan da ke ci ake ƙirgawa. Kifi goma sha ɗaya ba za su ba wannan dattin da zai cika masa wuya ba. Yau ya yi kumfa, gobe ya zauna yana kallona. Ba ni mai siririn wuya."

Dogo ya yi dariya, ya ce ai gwada shi yake yi. Ya ɗauko matsakaici ya miƙa masa. Baban Kifi ya juya kwalin, ya kai shi kusa da fuska, ya nesanta shi, ya karkata shi wajen taga. Rubutun ya ƙi tsayawa. Ya daɗe a haka kafin ya ce, "Karanta min zurfin ruwan da yake so."

Dogo ya karanta, sannan ya tsaya yana kallonsa. A nan ne Baban Kifi ya faɗi abin da ko matarsa bai faɗa wa ba. Ya faɗa duka, yadda fuskokin mutane suka koma kamar a bayan labule, yadda yake gane Tsohuwa da launinta kawai. Da ya gama sai ya ji nauyi ya sauka daga ƙirjinsa.

"Ka rufa min asiri, Dogo."

"Haba Yaya, ni da kai?"

Har bakin titi Dogo ya rako shi da kwalin, yana ƙara masa bayani. Ya ce irin wannan injin yana zuwa da maiƙon kamfani a jikin robar, kuma sai maiƙon ya wanke kumfa take kamawa. Ya ce mako biyu cur yake ɗauka, kada ya taɓa makunnin ko da ya ga shiru.

Ranar Alhamis ya haɗa injin. Ya yi kusan awa biyu a durƙushe, yana murɗa makunnin kaɗan, ya jira, ya sa yatsa a cikin wuyan kwalbar ya ji inda ruwa ya tsaya, ya sake murɗawa. Da ruwan ya zauna daidai gindin wuya sai ya ciro wata 'yar kwalba daga aljihu. Jan farcen matarsa ne, wanda take ta nema tun bara tana zargin 'yan biki. Ya ja layi ɗaya mai kauri daga kan makunnin ya tsallaka zuwa jikin injin, ya hura masa iska har ya bushe. Haka yake yi wa kowane inji. In wani ya murɗa, layin zai tsage biyu, shi kuma zai ji da yatsa.

Ya yi wa Likita bayani a tsaye a bakin ofishinta. Mace ce mai kirki amma ba ta son jira, irin mutanen da ke duba agogo tun kana cikin gaisuwa.

"Mako biyu, Baba? Kifayen fa?"

"Zan riƙa canza musu ruwa, Likita. Ba abin da zai same su."

Litinin ya zo, kofi wayam. Alhamis ya zo, kumfar tana tashi fara sol tana fashewa tun kafin ta kai wuya. Ruwan tankin ya ɗan yi rawaya, wani mai jira ya tambayi Likita ko kifayen ba su da lafiya ne. Baban Kifi ya yi ta jigilar jarkoki yana canza ruwa har bayansa ya riƙe. Tsohon injin mako ɗaya ya yi ya kama aiki, wannan kuwa ga kwana goma sha ɗaya shiru. Hankalinsa ya fara tashi, ya kira Dogo a waya.

"Kada ka taɓa, Yaya. Na gaya maka. Wace rana ka haɗa?"

"Ba Alhamis ɗin da ta wuce ba, ta kafin ita."

"To saura kwana uku. Kwantar da hankalinka."

Hankalinsa kuwa ya kwanta, har ya gode wa Allah da ya ba shi aboki irin Dogo.

Ranar Alhamis tun daga bakin ƙofar ɗakin jira ya ji sautin ya canza. Wannan shuu ɗin mai kaifi ya tafi, an koma wani gurnani mai taushi na kumfa mai kauri. Ya ajiye jarka, ya durƙusa yana murmushi, ya kai hannu zai buɗe kabad. Hannunsa ya ci karo da kwaɗon kulle ƙofa. Sabo ne, ƙarami, mai sanyi. Ya shafa shi sau biyu bai gane ba.

"Baba, shigo mu yi magana," in ji Likita daga bayansa.

Ta ba shi kujerar marasa lafiya, wadda shekara tara bai taɓa zama a kai ba. Ta ce jiya Dogo ya zo. Ta ce ya duba injin ya tarar makunnin ya kauce da rabin murɗi, ya gyara, kafin la'asar kumfa ta kama. Ta ce daga yanzu shagon Dogo ne zai riƙa kula da tankin, shi ne ma ya sa kwaɗon.

"Likita, ai na gaya miki mako biyu ne. Yau ne mako biyun."

"Ka gaya min. Abin da ba ka gaya min ba shi ne idonka. Shekara biyu, Baba? Kana wucewa ta gaban ɗakin nan?"

Ba maganar aikin ce ta fara sukarsa ba. Abin da ya gani a ransa shi ne Dogo zaune a wannan kujerar jiya, yana sauke murya, yana ba da labarin da aka ba shi tsakanin buhunan gishiri. Likita ta haska masa fitila a ido, ta ce yanar ido ce, kuma aikin cire ta minti ashirin ne. Ta yi masa faɗa irin na 'ya da uba. Ya miƙa mata makullin ƙofar baya ba tare da ta tambaya ba, ya fita bai kalli tankin ba.

Kai tsaye shagon Dogo ya je. Dogo yana ganinsa ya taso ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Na san ranka ya ɓaci, Yaya. Amma in na yi shiru makancewa za ka yi ina kallo. Na kwana biyu ina tunani. Gara ka yi fushi da ni kana gani."

"Tankin fa?"

"Ita ta roƙe ni. In na ƙi, wani bare za ta ba. Kuma Yaya, gaskiya ɗaya ce, makunnin ya kauce. Ba laifinka ba ne, ido ne."

Wannan kalmar ta ƙarshe ita ta karya shi. Ya zo da niyyar faɗa, sai ya samu kansa yana tambayar kansa. Rabin murɗi? Ko yatsan ne ya yaudare shi? Ko kunnen ma ya fara tafiya? Mutumin da ba ya ganin rubutu a kwali da wane baki zai yi gardama da mai gani? Ya tsaya a tsakiyar shagon, famfuna suna ta ƙugi a kewayensa, daga ƙarshe ya ce, "To, na gode." Wannan godiyar ta daɗe tana ci masa rai.

Matarsa tana kan keken ɗinki lokacin da ya ba ta labari. Ba ta daina taka keken ba sai da ya kai ƙarshe.

"Idon dai na sani tun ranar da ka zuba min gishirin kifi a shayi," ta ce. "Jira nake ka faɗa da bakinka. Amma Dogo, a'a. Wanda ya damu da idonka hannunka zai kama ya kai ka wurin likita. Kwaɗo kuma na mene ne?"

"Ya ce saboda yara masu buɗe-buɗe."

"Shekara tara yaran ba su buɗe ba sai jiya?"

Ya fi masa sauƙi ya yarda hannunsa ne ya kuskure da ya yarda da abin da take nufi. In hannunsa ne, sana'a kawai ya rasa. In kuwa maganarta ce gaskiya, shekara ashirin ɗin nan duk sai ya sake duba su ɗaya bayan ɗaya.

Makonni shida ya yi a gida. Litinin da Alhamis yana farkawa da sassafe kamar kullum, ya zauna a bakin gado ba wurin zuwa. Wani maƙwabci ya roƙe shi ya duba masa ɗan ƙaramin tankinsa, ya ce ya daina. Ya ji labarin Dogo ya manna takarda mai sunan shagonsa a jikin tankin asibiti, kuma mutum uku daga cikin masu jira sun riga sun kira shi ya haɗa musu irinsa a gida. Dogo ya zo gaishe shi sau ɗaya da ledar lemo, ya ce Tsohuwa tana nan lafiya, tana ci kamar ba gobe. Matarsa ta karɓi lemon ta ajiye a kan firji har ya bushe.

A mako na bakwai aka yi masa aikin idon dama. Washegari da aka cire bandejin, abin da ya fara gani shi ne furfurar da ke gaban goshin matarsa, wadda bai san ta fito ba. Ya ce mata ashe ta tsufa, ta ce ai shi ya tsufar da ita. Likita ta hana shi sunkuyo da ɗaukar kaya, ta ce ya dawo Alhamis mai zuwa a duba.

Sun zo da wuri, ɗakin jira babu kowa sai Dogo, durƙushe a gaban kabad ɗin a buɗe, yana wanke kofi a bokiti. Baban Kifi ya tsaya cak. Shekara biyu rabonsa da ganin tankin kamar haka. Ga Tsohuwa tana kewaya dutse, ga wani ɗan farin tabo a gindin wutsiyarta da ya manta da shi. Ruwan garau. Ya ji daɗi, ya kuma ji zafin cewa ba hannunsa ba ne.

"Yaya, sannu da jiki. Ido ya yi kyau?"

"Da sauƙi."

Bai yi niyyar matsawa ba, ƙafafunsa ne suka kai shi. Ya dafa gefen tankin ya sauka a kan gwiwoyinsa, kansa a miƙe yadda Likita ta ce. So yake kawai ya ga inda ya kuskure, ya ga nisan rabin murɗin nan da idonsa, ko zuciyarsa ta haƙura.

Layin yana nan, ja wur, daga kan makunnin zuwa jikin injin. Bai tsage ba. Gishiri ya ɗan bushe a gefensa ya yi fari, amma layin ɗaya ne, a haɗe, har da ɗan ɗigon da ya gangaro ranar da ya ja shi. Ya sa yatsa ya bi shi daga sama zuwa ƙasa, don yatsan ya daɗe yana yi masa aikin ido. Sumul yake.

Babu wanda ya taɓa murɗa makunnin nan. Ba rabin murɗi ba, ko faɗin gashi. Injin yana nan inda makaho ya ajiye shi, yana ta aiki wata biyu. Ya tuna tambayar da aka yi masa a waya, wace rana ka haɗa, ya tuna yadda ya amsa da gaskiyarsa. Dogo ya ƙirga kwanaki ne kawai, ya zo ana gobe mako biyun zai cika, ya durƙusa a nan na ɗan lokaci don Likita ta gan shi, ya sa kwaɗo ya tafi. Asirin idon ma ba don a yi masa magani aka tona ba, an tona ne don kada ya yarda da hannunsa.

Ya ɗauka in ya gano gaskiya zai ji sanyi. Bai ji ba. Sana'arsa ta dawo masa a cikin minti ɗaya, amma sai sabon idon ya kawo ruwa.

Dogo ya bi inda yake kallo. Hannunsa ya tsaya a cikin bokiti. Sai a lokacin ya gane aikin jan layin da ya yi wata biyu yana gani yana ɗauka kwalliyar tsoho ce. Ya kalli ƙofar ofishin Likita, wadda take a buɗe kaɗan, ana jin motsin takardu. Ya kalli matar Baban Kifi da ke tsaye riƙe da jaka. Sannan ya matso, ya sauke murya.

"Yaya, ka rufa min asiri."

Baban Kifi ya dube shi. Yau ce ranar farko a shekara biyu da ya ga fuskar Dogo sosai, da ramin kuncinsa, da gumin da ya tsatstsafo a saman leɓensa. Fuskar da ya sani ce, ba abin da ya canza, kuma wannan ya fi komai ciwo.

"Haba Dogo," ya ce a hankali, "ni da kai?"

Ya miƙa wa matarsa hannu ta taimaka masa ya tashi. Ya kakkaɓe gwiwoyinsa, ya ce mata ta tsaya nan kusa da kabad ɗin kada kowa ya taɓa komai. Sannan ya taka zuwa ƙofar Likita ya ƙwanƙwasa.